Tasha Ba Ita Ce Gari Ba

Ɗana, mahaifiyarka ta aiko mini cewa biza ta fito, kuma wurin aikinku za su tura ka Italiya duba injinan casar shinkafa a farkon Satumba. Ta ce ka kafe lallai sai ka tsaya kallon tseren motoci a Monza kafin ka dawo, kuma hankalinta bai kwanta ba. Na ce mata ta ƙyale ka. Tun kana yaro kake kwance injin ban ruwa ka mayar, kowa ya san inda zuciyarka take, kuma wanda ya yi aikinsa ya tara halaliyarsa yana da ikon zuwa ya ga abin da ransa ke so. Ba hana ka zan yi ba. Maganata a kan hanya ce. Na ga takardar da ka tsara tafiyar. Ka rubuta lokacin tashin jirgin sama, da lokacin saukarsa, da lokacin fara tsere, amma abin da ke tsakaninsu ka bar shi fili. To, a cikin filin nan da ka bari matafiya suke shan wuya.

Mu Haɗejiyawa bai kamata a koya mana wannan ba. Da Turawa suka ja layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya isa can a 1930, ba su shigo da shi cikin gari ba. Ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa, ya tsaya a Malam Madori, ya wuce Birniwa. Saboda haka duk mutumin ƙasar nan da zai hau jirgi tafiya biyu ce a gabansa, ta zuwa tasha da ta cikin tarago, kuma ta farkon ita ce mai cin rai. Kakanka, Allah ya jiƙansa, fataucin banda yake yi zuwa Kano. Idan ruwa ya kawo, sai an fito da kwandunansa a kwale-kwale, a ɗora wa jakuna, a kai bakin hanya, a jira babbar mota. Shi kuwa al'adarsa ita ce ya isa Malam Madori tun ana gobe jirgi zai zo, ya shimfiɗa tabarma a gindin kayansa ya kwana. Abokan fataucinsa suna ganin wahalar da kai ce.

Wata safiya ina yaro, ya tafi da ni, muna zaune a tarago jirgi ya yi kuka ya fara motsi. Sai ga wani mutum ya ɓullo ta bayan tasha yana kora jakuna biyu da ɗaurin fatu, wandonsa a naɗe, ƙafafunsa duk taɓo har gwiwa. Ya ɗaga sanda yana kira. Babu wanda ya isa ya tsayar masa da jirgi. Ina leƙe ta taga na ga ya saki sandar ya zauna a ƙasa, jakunan suka tsaya a kansa. Kakanka ya san shi, ya san ƙauyensu, ya san mashigin da zai tsallako. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da ruwan jiya ya yi lissafi." Mutumin nan ba malalaci ba ne, tun asuba ya fito. Mashigin da ya bari jiya iya idon sawu ne ya tarar ya kai ƙugu.

Don haka lissafinka daga bakin kogi zai fara, ba daga filin jirgi ba. Tseren Monza a farkon Satumba ake yin sa, kuma ka san abin da Satumba take nufi a wurinmu. Lokacin ne ruwan sama ya cika fadama, ga wanda ake saki daga madatsar Tiga da ta Challawa yana gangarowa. Ka ga abin da ya faru a 2020 da 2022, yadda ruwa ya ci gonaki ya yanke hanyoyi a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma. Tafiyar da ake yi cikin awa uku zuwa Kano tana iya zama ta yini. Ka bar gida kwana biyu kafin ranar tashinka, ka kwana a Kano wurin gwaggonka. Kafin ka fito, ka je tashar mota ka tambayi direban da ya shigo daga Gujungu a safiyar ranar, ba wanda ya zo shekaranjiya ba.

Guzuri kuma, na san mahaifiyarka za ta cika maka jaka da kilishi da man shanu. Ka lallashe ta ta bari. Dokar ƙasashen Turai ta hana matafiyi daga irin ƙasashenmu shiga da nama ko abin da aka yi da madara, kuma idan 'yan kwastan suka gani za su karɓe, wani lokaci har da tara. Dabino ya ishe ka. Fasfo da takardar gayyata da ta masauki da tikitin dawowa su zauna a jikinka, a aljihun ciki, kada ka sa su a akwatin da za a auna. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano babu mai kai ka Milan, birnin da ke kusa da Monza, kai tsaye, sai ka sauya a Alƙahira ko Adis Ababa. Kada ka yarda da tikitin da ya ba ka ɗan ƙanƙanin lokaci a wurin sauyin don ya fi araha. Sauri kan haifi nawa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Ka hau jirgin ƙasa daga filin jirgin Jidda zuwa Madina lokacin da kuka je Umra, layin nan da aka buɗe a 2018 mai gudun kilomita 300 a awa, sai kake ganin ka san abin. Wancan hanya ɗaya ce miƙaƙƙa, kujerarka da lamba, ma'aikata sun saba da baƙi, ko'ina ka juya za ka ji mai Hausa. Na Italiya ba haka yake ba. Filin jirgin Malpensa yana wajen gari, kimanin kilomita 50 daga Milan, kuma tashar jirgin ƙasa tana nan haɗe da shi. Jirgin da ake kira Malpensa Express iri biyu ne a dandamali ɗaya. Wani yana zuwa tashar Cadorna, wani yana zuwa babbar tasha, Centrale, yana biyawa ta Porta Garibaldi. Na biyun shi ne naka, domin daga Garibaldi da Centrale ne jiragen Monza suke tashi. Tafiyar kusan awa ɗaya ce. Wanda ya ga ƙofa a buɗe ya faɗa ba tare da ya karanta allo ba, zai tsinci kansa a Cadorna da akwati a hannu yana neman wata hanya.

Agogonsu a watan nan yana gaban namu da awa ɗaya, kuma ba su da ƙarfe uku na rana, 15:00 suke rubutawa. Ka gyara agogonka tun kana cikin jirgin sama.

Sai maganar tikiti, wadda ta kunyata mutane masu mutunci da yawa. Idan na takarda ka saya don ƙananan jiragen yanki, biyan kuɗi kaɗai bai wadatar ba. Akwai wani ɗan akwati a bakin dandamali, sai ka zura tikitin a ciki ya buga masa rana da lokaci kafin ka hau. Lokacin da muka je duba ayyukan ban ruwa a can, akwai wani dattijo a ayarinmu, mutum mai kamun kai, wanda a garinsu ba ya magana a musa. Mai duba tikiti ya zo, ya karɓi nasa, ya juya gaba ya juya baya, bai ga tambari ba. Dattijon ya yi ta nuna masa da hannu cewa ya biya, ya ma ciro rasit. Ma'aikacin bai ɗaga murya ba, bai kuma yi murmushi ba, ya ciro littafinsa ya rubuta tara. Mutanen tarago kowa ya sunkuyar da kai. Ba kuɗin ne ya dami dattijon ba. Har muka dawo gida yana maimaita cewa an ɗauke shi ɓarawo a gaban jama'a. A can babu "yi haƙuri, baƙo ne", babu wanda zai sa baki. Ka buga tikitinka, ka duba da idonka ka ga tawadar ta fito.

Kada ka nemi masauki a Monza. Garin ƙarami ne idan aka kwatanta da taron, ɗakuna sukan ƙare tun da watanni, kuma farashin abin da ya rage ba na irinmu ba ne. Ka sauka a Milan kusa da ɗaya daga cikin tashoshin nan biyu. Tsakanin Milan da Monza bai wuce kilomita 15 ba, jirgi yana yin sa cikin minti ashirin ko ƙasa da haka. Amma allon tasha ba lallai ya rubuta maka Monza da manyan baƙaƙe ba, sunan ƙarshen layi yake nunawa, Lecco ko Como ko Tirano, Monza kuwa tana cikin ƙananan sunayen da ke biye. Kalmar da za ka riƙe ita ce binario, wato dandamalin da jirgi zai tsaya, da lambar da ke gabanta. Idan ka yi shakka ka tambayi mai kayan aiki, ba wanda ya zo da kansa yana cewa zai taimake ka a wurin na'urar sayar da tikiti ba. Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda ake tambaya. 'Yan sane suna nan a manyan tashoshi, kuma baƙon da ya ajiye jaka a ƙasa yana ɗaga kai yana karanta allo shi suke jira.

A bakin Centrale za ka ga 'yan'uwanmu baƙar fata, wasu ma za ka ji Hausa a bakinsu, waɗanda suka bi ta Agadas da Libiya suka tsallake teku. Ka yi musu sallama, ka gaisa da su da mutunci, abin da suka gani a hanya ba ƙarami ba ne. Idan kana da abin taimako ka taimaka. Amma fasfonka kada ya bar hannunka, kuma kada ka karɓi ƙunshin kowa da sunan saƙo zuwa gida, ko da ya ambaci unguwarku da sunan limaminku. Wani zai ce maka wauta ce mutum ya shigo da biza ya koma. Ka saurare shi, ka dubi inda yake kwana, ka koma ranar da takardarka ta ce. Ƙannenka ma wata rana za su nemi biza, kuma sunan gidanku ɗaya.

To, ka sauka a tashar Monza. Nan ne Malam Madorinka. Filin tseren yana can cikin wani makeken lambu mai ganuwa, kusan hekta 700, wanda aka kewaye tun zamanin Napoleon, kuma daga tasha zuwa can ya fi kilomita biyar. A kwanakin tsere ana sa motocin safa su ɗebi mutane daga tasha, amma ba sa kai ka kujerarka. Za su sauke ka, ka taka da ƙafa cikin itatuwa, tafiya mai ɗan nisa, sannan ka bi layin bincike a ƙofa. Akwai wata ƙaramar tasha, Biassono-Lesmo, a arewacin filin, ta fi kusa da wasu ƙofofin, kuma ranar Lahadin tsere akan ƙara jirage zuwa can. Wadda za ka bi a cikin biyun ta danganta da ƙofar da aka rubuta a tikitinka. Wanda ya shiga ta ƙofar da ba tasa ba zai yi zagayen da zai cinye masa awa guda, domin ba a tsallaka hanyar motocin sai ta inda aka tanada. Ka sa takalmin da ka saba da shi, ba sabo ba.

Taron kwana uku ne. Juma'a gwaji, Asabar neman gurbin tashi, Lahadi tsere. Shawarata ka je ranar Asabar ko da tikitinka na Lahadi ne kaɗai, ka bi hanyar tun daga ƙofar masaukinka har ƙofar filin, ka riƙe agogo, ka ga inda safa take tsayawa da inda ake hawa ta dawowa. Abin da ka samu ka ninka shi biyu, shi ne lissafin Lahadi. A shekarun nan mutanen da ke shiga a kwana ukun sun haura 300,000, kuma mafi yawansu hanyar da za ka bi ita za su bi. Ka tambayi masu masaukinka ko akwai yajin aiki, domin ma'aikatan sufurin ƙasar suna yawan yi, sai dai ana sanarwa tun da kwanaki.

Ba na raina abin da za ka je gani. Tun 1922 aka gina filin nan, kuma tun da aka fara gasar Formula 1 a 1950 sau ɗaya kawai, a 1980, aka kai tseren Italiya wani wuri. Zagaye ɗaya kilomita 5.793 ne, ana yin 53, wato sama da kilomita 300, nisan da ya zarce na Haɗejiya zuwa Kano, kuma ana gamawa kafin awa ɗaya da rabi. A miƙaƙƙiyar hanya motocin suna haura kilomita 340 a awa. Za ka ji ƙarar a ƙirjinka kafin idonka ya kama motar, don haka ka tafi da abin toshe kunne. Za ka ga jama'a jajawur da rigunan Ferrari, tsoho da jikansa, suna kuka da hawaye idan motarsu ta ci, yadda aka yi a 2019 da 2024 da Charles Leclerc ya zo na ɗaya. Mai son inji irinka zai ƙaru. Ka lura da yadda ake sauya taya huɗu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, mutum kusan ashirin kowa da abu ɗaya tak da zai yi, babu mai shiga aikin wani. Wannan ya fi gudun amfani a gare ka idan ka dawo masana'anta.

Ka kuma lura da abin da aka kewaye gudun da shi. Filin nan ya ci rayuka. A 1961 motar Wolfgang von Trips ta faɗa cikin 'yan kallo, shi ya mutu, mutum 15 suka mutu tare da shi. Shingen da za ka gani da raga da fili mai tsakuwa a kowace kwana, duk da jini aka saye su. A 2021 motar Max Verstappen ta hau kan ta Lewis Hamilton, tayarta ta sauka a kansa, ƙarfen kariyar da aka wajabta tun 2018 ne ya zama sanadin tsirarsa. Ina faɗa maka wannan ne saboda yaran da nake gani suna wasa da mota ranar ɗaurin aure a cikin gari, suna juyi a tsakiyar jama'a, da masu taka mota a hanyar Kano inda ko yaushe yaro ko akuya ko amalanke ke iya fitowa. Idan ka dawo za su kewaye ka suna son labari. Ka ba su labarin shingen da likitocin da ke tsaye a shirye, kada ka tsaya a kan gudun kawai.

Azahar da la'asar za su same ka a filin, domin da ƙarfe uku ake fara tseren. Kai matafiyi ne, malamai sun yi bayanin ƙasaru da haɗa salla, ka tambayi limaminku kafin ka tafi don zuciyarka ta natsu. Ka fito da alwalarka, ka sa ƙaramar darduma a jaka, inuwar itatuwa tana da yawa. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, kada sabo ya juya ka inda ka saba fuskanta a gida. Abincin da ake sayarwa a rumfuna mafi yawansa burodi ne da naman alade a ciki, ka tambaya kafin ka saya, ko ka tsaya a kan mai cuku da tumatir. Ka sha ruwa sosai, ranar Satumba a can tana da zafi.

Dawowa ita ce ainihin jarrabawar, kuma ita ce babu ko layi ɗaya a kanta a takardarka. Da safe mutane suna zuwa ne a rarrabe, wani da bakwai wani da sha ɗaya. Da yamma kuwa duk a lokaci ɗaya suke tashi, kamar ruwan fadama da ya sami mafita ɗaya. Da an gama tsere ana buɗe ƙofofi jama'a su kwarara kan hanyar motocin zuwa ƙarƙashin mumbarin da ake ba da kofi. Abin sha'awa ne, kuma idan kana so ka shiga, ka shiga bayan an buɗe, ba ta kan shinge ba. Amma ka san farashinsa: za ka tarar da layin safa ya yi tsawon da ba ka ganin ƙarshensa, a tasha kuma 'yan sanda suna tare mutane rukuni-rukuni. Ka yanke shawara tun da safe, ko ka fita da wuri, ko ka zauna a inuwa ka yi sallarka ka bar taron ya rage. Tsakiyar nan ce mai wahala. Tikitin komawa ka saye shi tun da safe, na takarda, domin a cikin taro irin wannan waya takan rasa sabis, caji kuma ya ƙare. Ka rubuta sunan masaukinka da lokacin jirgin ƙarshe a takarda ka sa a aljihu. Kuma kada ka kuskura ka sa jirgin saman dawowarka a daren Lahadin. Ka kwana, ka tashi Litinin, ka isa Malpensa da sauran lokaci a hannunka.

Akwai saƙona guda. Aikin da aka tura ka zai kai ka wajen Novara da Vercelli da Pavia, inda ake noman mafi yawan shinkafar Italiya, kuma za ka tarar ta kusa isa yanka. Akwai wata babbar magudana a can, ta Cavour, da aka haƙa tsakanin 1863 da 1866, tana ɗebo ruwa daga kogin Po, har yau tana aiki. Idan ka sami manomi ko ma'aikacin ruwa mai sakin fuska, ka tambaye shi wa ke yashe ƙananan magudanai, wa ke biyan kuɗin, da yadda suke raba ruwa tsakanin na sama da na ƙasa idan ya yi ƙaranci. Ciyawar kacalla ta toshe mana hanyoyin ruwa tun daga nan har Nguru, kuma ina so in ji yadda wasu suke yi da tasu ciyawar. Ka rubuta amsar a takarda, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Idan ka sauka Kano ka kira mahaifiyarka kafin kowa. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.